Cindo da Ɓera: Abin da Ilmin Gado Ya Bayyana Game da Ginin Hannu da Ƙafa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa babu garin da ba a san cindo ba. A Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, da wuya ungozoma ta yi shekaru tana karɓar haihuwa ba ta gamu da jaririn da ya zo da yatsa na shida ba, galibi ɗan ƙarami, yana reto a gefen ƙaramin yatsa. Abin ya shahara har ya zama laƙabi, ana kiran yaro Cindo ya girma da sunan. Wasu na ɗaukarsa alamar arziki, wasu kuma su gaggauta a cire shi kafin ranar suna. Idan kuwa abin ya wuce cindo, watau jariri ya zo da yatsu a manne, ko hannu gajere, ko ƙafa a lanƙwashe, nan take sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne, wani kuma ya ce uwar ce ta fita da magariba ko ta je rafi da ciki. Akasari dai a kan uwa maganar take ƙarewa.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana abin da ilmin kimiyya ya gano game da yadda hannu da ƙafa ke ginuwa a cikin mahaifa, da dalilin da ke sa wani lokaci ginin ya saɓa wa yadda aka saba gani. Mafi yawan wannan ilmi an same shi ne daga wata dabba da manomin Bakura ba ya ganinta da daraja ko kaɗan, watau ɓera. Abin da binciken ya tabbatar shi ne, gaɓa tana ginuwa ne bisa wani umarni rubutacce da ɗa ke gada daga uwa da uba, cikin 'yan makonni kaɗan a farkon ciki. Sauyi ƙanƙane a wannan rubutu yana iya ƙara yatsa ko ya rage shi. Haka kuma wani abu daga waje, kamar magani, yana iya ɓata ginin ko da rubutun lafiya yake. Rarrabe waɗannan biyu shi ke nuna inda za a daina zargi, da kuma inda ya wajaba a yi hattara.

Dalilin Zaɓen Ɓera

Mai son ya fahimci gado tilas ne ya bi zuri'a bayan zuri'a. A wajen ɗan Adam wannan aiki ne na shekaru aru-aru, kuma ba a haɗa aure domin gwaji. Ɓera kuwa cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne, macen tana haihuwar 'ya'ya shida zuwa goma a lokaci guda, su kuma su isa haihuwa cikin mako shida zuwa takwas. Saboda haka a shekara guda mai bincike yana iya ganin zuri'a huɗu ko biyar. Wannan saurin hayayyafa da ke ɓata wa mai rumbu rai shi ne ya sa ɓera ya zama abin nema a ɗakin bincike. Ya kamata dai a lura cewa ɓeran da ake gwaji da shi ƙaramin ɓeran gida ne da aka daɗe ana kiwonsa a keji. Jinsinsa daban ne da ɓeran nan mai yawan nonuwa da ya cika gonaki da gidajen Afirka ta Yamma, wanda ke ɗauke da cutar Lassa.

A shekarar 1866 Gregor Mendel ya buga sakamakon gwajin da ya yi da wani irin wake, inda ya nuna cewa gado yana bin ƙa'ida ta lissafi. Ba a kula da aikinsa ba sai a 1900. Shekara biyu bayan haka, a 1902, wani Bafaranshe mai suna Lucien Cuénot ya nuna cewa launin gashin ɓera ma yana bin wannan ƙa'ida. A 1909 Clarence Little na Amurka ya fara haɗa ɓera da 'yar'uwarsa shaƙiƙiya, zuri'a bayan zuri'a, har aka sami dangin ɓeraye masu gado kusan iri ɗaya kamar tagwaye. Amfanin haka shi ne, idan aka haifi guda mai wata siffa ta daban a cikinsu, an san sabon sauyi ne ya auku. A 1929 ya kafa cibiyar bincike ta Jackson a jihar Maine, wadda ta zama babbar ma'ajiyar irin waɗannan ɓeraye.

Tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce, me ya haɗa ƙafar ɓera da hannun mutum? Amsa tana cikin ƙashi. Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu ƙashi ɗaya ne, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ƙashi biyu, sa'an nan ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu, sai yatsu. Wannan jeri haka yake a ƙafar gaba ta ɓera, da fiffiken kaza, da ƙafar akuya, sai dai bambancin tsawo da yawan yatsun da suka rage. Da aka karance rubutun gadon ɓera a 2002, sai aka tarar kusan kowace ƙwayar gado tasa tana da takwara a jikin mutum.

Rubutun Gado da Tuntuɓen Alƙalami

Jikin kowace halitta an gina shi ne da wasu ƙananan tubala masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, masana na kiransu sel. A cikin kowane tubali akwai dogon zare mai suna DNA, wanda yake tamkar littafi da aka rubuta da baƙaƙe huɗu kacal. Na mutum yana da baƙaƙe kimanin biliyan 3, an rarraba su cikin ƙunshi 23, kowane ƙunshi biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Na ɓera ƙunshi 20 ne. Kowane yanki na rubutun da ke ɗauke da umarnin haɗa wani sinadari na jiki shi ake kira ƙwayar gado, kuma mutum yana da kimanin 20,000.

Duk lokacin da tubali zai rabu biyu, sai an kwafe littafin nan gaba ɗaya. Wanda ya san yadda almajiran malaman Sakkwato suka riƙa juyar littattafai da hannu ya san cewa komai ƙwarewar marubuci wata rana sai an sami tuntuɓen alƙalami. Ya tsallake baƙi, ko ya maimaita kalma, ko ya sa wani baƙi a madadin wani, kuma duk wanda ya kwafa daga wannan kwafi zai ɗauki kuskuren ya wuce da shi. Haka abin yake a DNA, kuma shi ake nufi da sauyin gado. Kowane jariri yana zuwa da sababbin sauye-sauye gommai waɗanda babu su a jikin iyayensa, mafi yawansu ba sa haifar da komai. Kaɗan ne ke faɗawa a wurin da zai canza siffa.

Tun da kowace ƙwaya kwafi biyu ce, sauyi iri biyu ne. Akwai mai rinjaye, wanda kwafi ɗaya ya isa ya bayyana shi. Akwai kuma mai lafewa, wanda ba ya bayyana sai yaro ya gaji sauyin daga uwa da uba duka. Sikila ita ce misalin da kowa ya sani na iri na biyu: idan iyaye biyu suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu.

Yadda Gaɓa Ke Ginuwa

A jikin tayin ɓera, ƙafar gaba tana fara bayyana ne wajen kwana na tara da rabi, a matsayin ɗan toho a gefen jiki, ta baya kuma ta biyo bayan kimanin rabin yini. Kafin kwana na 15 yatsu sun rabu. A wajen mutum tohon yana fitowa a ƙarshen mako na huɗu bayan shigar ciki, kuma kafin ƙarshen mako na takwas an gama fitar da yatsu, alhali tayin bai wuce tsawon santimita uku ba. Abin da ya rage bayan wannan girma ne kawai.

Tohon yana bukatar sanin fuska uku: daga kafaɗa zuwa farce, daga babban yatsa zuwa ƙarami, da kuma daga bayan hannu zuwa tafi. Kowace fuska tana da nata mai ba da umarni, kuma biyu daga cikinsu an fara gano su ne a cikin ƙwan kaza, domin ana iya huda ɓawon ƙwai a yi wa tayi aiki yana da rai.

A 1948 John Saunders na Amurka ya nuna cewa a bakin tohon akwai wani ɗan tudu na fata. Idan aka cire shi da wuri, sai fiffiken ya tsaya a ƙashin farko. Idan aka jinkirta kafin a cire, sai a sami komai in ban da yatsu. Ashe wannan tudu shi ke ba da umarnin a ci gaba da tsawo, kuma gaɓa tana ginuwa ne daga kafaɗa zuwa waje. A 1993 aka tabbatar cewa umarnin wani sinadari ne daga dangin da ake kira FGF. Ɓeran da aka kashe masa ƙwayar Fgf10, wadda ke tayar da wannan aiki tun farko, ana haifarsa babu ƙafa ko ɗaya, kuma babu huhu.

A 1968 Saunders da Mary Gasseling suka yanko ɗan nama daga gefen baya na tohon, watau ɓangaren da ƙaramin yatsa zai fito, suka dasa shi a gefen gaba na wani tohon. Sai fiffiken ya fito da yatsu ninki biyu, suna fuskantar juna kamar an kanga madubi. A 1993 ɗakin binciken Clifford Tabin a Jami'ar Harvard ya gano sinadarin da wannan nama ke fitarwa, wanda ake taƙaita sunansa da Shh.

Wanda ya san aikin noman rani na Bakolori ba zai sha wuyar gane aikin Shh ba. Tun da aka kammala madatsar a kan Gulbin Sakkwato a 1978, manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san cewa gonar da ke kusa da babbar hanyar ruwa ita ke samun ruwa da yawa kuma da wuri, ta can ƙarshe kuwa sai abin da ya rage. Haka Shh yake malala daga gefen baya zuwa gefen gaba. Tubalan da suka sha shi da yawa kuma suka daɗe a cikinsa su ke zama ƙaramin yatsa, na gaba da su su zama yatsun tsakiya, babban yatsa kuwa yana fitowa ne a inda sinadarin bai kai ba.

Fuska ta uku a jikin ɓera aka fayyace ta. A 1995 Brian Parr da Andrew McMahon suka kashe ƙwayar Wnt7a, sai aka haifi ɓeraye masu tafin ƙafa sama da ƙasa. Daga ƙarshe kuma akwai matakin rabuwar yatsu. Da farko hannun tayi kamar faifai yake, yatsu a haɗe da fata, sai an umarci tubalan da ke tsakaninsu su mutu kafin yatsun su rabu. A ƙafar agwagwa an hana wannan mutuwa, shi ya sa fatar ta zauna. Idan matakin bai cika a jikin mutum ba, sai a haifi yaro da yatsu a manne.

Ɓeraye Masu Sauyi da Abin da Suka Koyar

A 1967 wani masani a Ingila, D. R. Johnson, ya bayyana wani dangin ɓera mai ƙarin yatsa. Wanda ya gaji sauyin daga gefe ɗaya yana da yatsa guda na ƙari, yana rayuwarsa lafiya lau. Wanda ya gada daga gefe biyu yana zuwa da yatsu har bakwai ko takwas a ƙafa, da lahani a ƙwaƙwalwa, kuma ba ya rayuwa. A farkon shekarun 1990 aka gano cewa ƙwayar da ta lalace ita ce Gli3. Aikinta shi ne taka birki, watau hana yatsu yin yawa, musamman a gefen gaba, shi kuma Shh aikinsa sassauta birkin a gefen baya. Ɓeran da ba shi da Shh, wanda aka samar a 1996, ƙafarsa ta baya yatsa ɗaya ne. Amma a 2002, da aka kashe Shh da Gli3 a tare, sai ɓeran ya zo da yatsu da yawa marasa bambanci da juna. Wannan ya nuna cewa toho yana da ikon fitar da yatsu fiye da biyar, kuma biyar ɗin sakamakon daidaito ne tsakanin mai turawa da mai hanawa. A 1991 an riga an gano cewa lalacewar wannan ƙwaya a jikin mutum ce ke kawo ciwon Greig, mai zuwa da ƙarin yatsu da faɗin goshi, kuma a 1997 aka same ta a wani babban iyali a Indiya masu cindo a gefen ƙaramin yatsa.

Akwai kuma dangin ƙwayoyi 39 da ake kira Hox, waɗanda ke gaya wa kowane sashe matsayinsa. A 1995 ɗakin binciken Mario Capecchi ya kashe biyu daga ciki, Hoxa11 da Hoxd11, sai ɓeran ya zo da kafaɗa da tafi amma ƙasusuwa biyu na tsakani kusan babu su. A 1996 aka gano cewa maimaituwar wani ɗan yanki a Hoxd13 ita ke sa wasu iyalai haihuwar yara masu yatsu a manne da ƙarin yatsa a tsakani, sa'an nan a 1998 aka sami ɓera a cibiyar Jackson mai irin wannan kuskure sak. Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies sun sami kyautar Nobel a 2007 saboda dabarar kashe ƙwaya guda a jikin ɓera.

Darasi mafi ban mamaki ya fito ne daga Edinbara a 2003. Laura Lettice da Robert Hill sun yi nazarin ɓeraye da mutane masu ƙarin yatsa a gefen babban yatsa, suka tarar ƙwayar Shh ɗinsu ba ta da aibi. Aibin yana can nesa da ita da baƙaƙe kimanin miliyan ɗaya, a wani makunni mai suna ZRS, wanda aikinsa shi ne kunna Shh a gefen baya na toho kaɗai. Canjin baƙi ɗaya tak a wannan makunni yana sa a kunna sinadarin a gefen gaba ma, tamkar an fasa wata hanyar ruwa a ɗaya ƙarshen gona. An sami irin wannan sauyi a kyanwoyi masu yatsu shida da wasu kaji masu yatsu biyar. A 2005 masana a Japan suka cire makunnin ɗungum, sai ɓeran ya zo da dungulmin ƙafafu, sauran jikinsa kuwa kalau. A 2016 kuma, a Kalifoniya, aka ɗauko makunnin maciji aka sa a madadin na ɓera, sai ƙafafun suka kusa ɓacewa. An tarar makunnin macizai ya rasa wasu baƙaƙe 17, kuma da aka mayar da su cikin na mesa sai ya koma aiki a jikin ɓera. Mesa ma har yanzu tana da wasu 'yan ƙaho biyu kusa da wutsiya, waɗanda burbushin ƙafafun baya ne.

Komawa ga Cindo

A 1976 Ajovi Scott-Emuakpor da abokin aikinsa Madueke suka buga binciken da suka yi kan ƙarin yatsa a Nijeriya. Sun sami kimanin mutum 23 a cikin kowane 1,000, watau wajen ɗaya cikin 44, maza 27 cikin 1,000, mata kuwa 18. Dukansu a gefen ƙaramin yatsa ne, kuma mafi yawansu irin mai reto ne. Wannan adadi ya ninka na Turawa fiye da sau goma. Sun kuma nuna cewa gadon mai rinjaye ne, amma kimanin kashi 65 cikin 100 na waɗanda suka gada ne kawai yake bayyana a jikinsu. An gano ƙwayoyi da dama da ke iya kawo cindo, Gli3 ɗaya ce daga cikinsu.

Wannan lissafi yana warware abubuwa uku da ke kawo gardama a gidaje. Na farko, uba da uwa daidai suke wajen gadar da shi. Idan ɗayansu yana ɗauke da sauyin, kowane ciki yana da rabin damar gada, kuma tun da ba kowa yake nunawa ba, wajen ɗaya cikin uku na 'ya'yan ne za a gani da cindo. Na biyu, yana iya tsallake zuri'a: kaka yana da shi, uba ba shi da shi a ido, jika ya zo da shi. Daɗin daɗawa, da yawa an cire musu nasu suna jarirai, ba su ma san sun taɓa yi ba. Saboda haka zuwan yaro da cindo a gidan da ba a ga mai shi ba ba hujja ce ta zargin kowa ba. Na uku, cindo na yau da kullum ba ya bukatar auren zumunta kafin ya bayyana. Sauye-sauye masu lafewa su ne auren dangi ke ƙara wa damar haɗuwa, kamar wanda aka gano a wasu iyalai a Birazil, inda ake haifar yara babu tafin hannu da na ƙafa saboda ɓacewar wani yanki kusa da makunnin nan na Shh.

Cindo mai reto, idan shi kaɗai ne, ba ya taɓa lafiya ko basirar yaro. Haɗarin yana wajen cirewa. Ɗaure shi da zare har ya bushe ya faɗi yakan bar ɗan ƙululu, wani lokaci mai zafi, domin akwai jijiya a ciki. Yanke shi da askar da ba a tsabtace ba yana iya jawo zubar jini, ko ruɓewa, ko tsinkau-tsinkau, watau cutar da ke sandare jiki ta sarƙe haƙora. A asibiti kuwa ƙaramin aiki ne. Idan ƙarin yatsan yana da ƙashi, ko yana gefen babban yatsa, ko ya zo tare da wata alama a kai ko fuska ko numfashi, lalle ne likita ya duba jaririn gaba ɗaya. Dalili kuwa ɓera ya nuna shi: ƙwayar da ke gina yatsa sau da yawa ita ce ke aiki a ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ƙoda.

Ƙafar da ta lanƙwashe ciki tun daga haihuwa, wadda ake samu a wajen jariri ɗaya cikin 1,000, ita ma tana da alaƙa da gado. A 2008 an gano sauyi a ƙwayar Pitx1 a wani iyali mai wannan matsala, daga baya aka ga irinta a ɓeraye masu kwafi ɗaya na ƙwayar. Wannan daban take da shan inna, wadda ƙwayar cuta ke kawowa bayan haihuwa. Kuma tana gyaruwa ta hanyar da likita Ignacio Ponseti ya tsara, inda ake miƙe ƙafar a hankali a sa filasta mako-mako, sa'an nan yaro ya riƙa sa takalmi na musamman. Idan aka fara cikin makonnin farko, mafi yawan yara suna tafiya sarai.

Inda Ɓera Ya Gaza

A 1957 aka fara sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus ta Yamma, domin sa barci da kwantar da laulayin ciki. Kafin a janye shi a 1961, an haifi yara fiye da 10,000 a ƙasashe daban-daban da hannaye ko ƙafafu gajeru ƙwarai, wasu babu su sam. Rubutun gadon waɗannan yara lafiya yake. Maganin ne ya shiga tsakani, kuma yana yin ɓarnarsa ne idan an sha shi tsakanin kwana na 20 da na 36 bayan shigar ciki, watau daidai lokacin da toho ke fitowa.

Da aka ba ɓeraye masu ciki wannan magani, 'ya'yansu sun zo da ƙafafu lafiya. A jikin zomo da biri ne aka ga irin lahanin da ya sami mutane. Sai a 2010 masana a Japan suka gano sinadarin jikin da maganin ke maƙalewa a kansa, a 2018 kuma aka nuna cewa yana sa a lalata wani sinadari mai suna SALL4, wanda ginin gaɓa ke bukata. A jikin ɓera ɗan bambanci ƙanƙane a waɗannan sinadarai ya hana hakan aukuwa. Tun daga wannan masifa aka kafa ƙa'idar gwada sabon magani a kan jinsin dabba biyu, ɗaya ba dangin ɓera ba.

Wannan labari ya shafi ƙasar Zamfara kai tsaye. Makonnin da gaɓa ke ginuwa su ne makonnin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, ko kuwa kunya ta hana ta faɗa, musamman a cikin fari. Kuma su ne makonnin laulayi, lokacin da ake aiken yaro kemis ya sayo magani, ko a karɓi haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba daga mai talla a kasuwar Talata. Matar da ta soma zuwa awo a wata na biyar ta zo ne bayan an daɗe da gama yatsu.

Kammalawa

Ga ma'aikatan lafiya, aiki na farko shi ne rubutu. Kowane asibiti da ɗakin shan magani yana iya buɗe shafi a littafin haihuwa inda za a rubuta duk jaririn da ya zo da wani bambanci a gaɓa, da irinsa, da garinsu, da magungunan da uwar ta sha. Likitoci biyu masu lura, Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostireliya, su suka tona asirin talidomaid a 1961, saboda sun ga abin da ba a saba gani ba ya yi yawa. Na biyu shi ne jawo ungozoma da wanzamai a jiki, a nuna musu irin cindon da bai kamata su taɓa ba, da muhimmancin tura mai lanƙwasasshiyar ƙafa da wuri zuwa Babban Asibitin Tarayya na Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Ga jami'an gona da na dabbobi akwai darasin shanun madara na Holstein, inda wani sauyi mai lafewa da ke haɗe kofato biyu ya zama ɗaya ya bazu ta hanyar bijimai kaɗan da aka yi ta baye da su. An gano ƙwayar, Lrp4, a 2006, bayan an ga aikinta a ƙafar ɓera. Duk shirin inganta irin shanu ko awaki da ya dogara ga namiji ɗaya tilas ne ya riƙa rubuta abin da ake haifa.

Ɗalibai kuwa, na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara ko na kwalejin aikin gona ta Bakura, ba sai sun jira manyan na'urori ba. Ƙwan kaza da ya yi kwana huɗu a kwanci, idan aka buɗe shi aka duba da madubi mai ƙara girma, za a ga tohon fiffike da na ƙafa ƙarara. Haka kuma ɗalibi yana iya zama da tsofaffin gidansu, da yardarsu, ya zana bishiyar zuri'a huɗu, ya sa alama a kan duk wanda aka haifa da cindo, sa'an nan ya gwada abin da ya samu da lissafin da aka kawo a sama. Da irin wannan bibiyar zuri'a masanan Nijeriya suka kai ga sakamakonsu na 1976, kuma kayan aikinta takarda ce da alƙalami da haƙurin sauraron dattawa.